Kwaikwayon zafi da sauyin sinadarai a kwamfuta

Kwaikwayon zafi da sauyin sinadarai wata hanya ce da injiniyoyi ke bi wajen lissafa yadda zafi ke yaɗuwa a cikin abu tare da yadda sinadaran cikinsa ke sauyawa, duka a lokaci guda. Ana haɗa su ne saboda kowanne yana juya ɗan'uwansa: zafi yana ƙara saurin sauyin sinadarai, shi kuma sauyin yana fitar da zafi ko ya shanye shi.

Tushen lissafin

Lissafin ya dogara ne a kan dokar yaɗuwar zafi da Joseph Fourier na Faransa ya wallafa a 1822, da kuma ƙa'idar Svante Arrhenius, ɗan ƙasar Suwidin, ta 1889, wadda ta nuna cewa saurin sauyin sinadarai yana ninkuwa yayin da zafi ke hawa. A sauye-sauye da dama, ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurin sau biyu.

Haɗarin yana nan ne. Idan sauyin mai fitar da zafi ne, kuma zafin bai samu mafita ba, sai ya ƙara hanzarta sauyin, har ta kai ga gobara ko fashewa. Nikolay Semenov na Tarayyar Sobiyet ya yi bayanin wannan a 1928. Manomin da ya tara ɗanyar harawa ya ji cikinta ya ɗumama ya ga farkon irin wannan lamari, ko da yake ƙwayoyin halitta ne ke fara ɗumamar.

Yadda manhaja ke aiki

Manhajoji irin su COMSOL Multiphysics da Ansys Fluent da OpenFOAM suna rarraba abin zuwa ƙananan yankuna masu yawa, sannan su lissafa zafi da yawan sinadarai a kowane yanki, mataki bayan mataki. Akan warware lissafan biyu ɗaya bayan ɗaya ana maimaitawa har su daidaita, ko kuma a warware su tare, wanda ya fi cin ƙarfin kwamfuta. Idan matakin lokaci ya yi faɗi, sakamakon kan kauce, domin sauyin sinadarai yakan fi yaɗuwar zafi sauri nesa ba kusa ba.

Misalin siminti

A murhun siminti, irin na masana'antar Kalambaina da ke Sakkwato, ana gasa dutsen farar ƙasa. Wajen digiri 900 yakan rabu ya saki iskar kabon dayoksaid, kuma wannan mataki yana shanye zafi mai yawa. Sai an kai wajen digiri 1,450 ake samun dunƙulen da ake niƙawa ya zama siminti. Kwaikwayo yana taimakawa a gano inda makamashi ke salwanta da inda bulon da aka shimfiɗa cikin murhun zai yi saurin lalacewa.

Bayan an kwaɓa siminti da ruwa kuwa, zafi yake fitarwa. A kankare mai kauri, ciki kan fi waje zafi har ya tsage, shi ya sa aka binne bututun ruwan sanyi a cikin madatsar Hoover ta Amurka lokacin gininta a shekarun 1930.