Daga Ina Sunan Mena Ya Fito?

Duk ranar da Nijar ke wasa, a gidajen kallon ƙwallo na Baleyara da Filinge ba ka jin komai sai "Mena! Mena!" Amma tambayi matasan da ke ihun me sunan yake nufi, da yawa za su yi shiru.

Mena dabba ce. Ita ce babbar barewar sahara, wadda ta fi dukkan bareyi girma da tsawon ƙafa: cikinta da gindinta farare, wuyanta da bayanta ja-ja, ga ɗan farin tabo a maƙogwaro. Hotonta ne ke jikin tambarin ƙungiyar ƙwallon Nijar, wadda ke amsa sunanta. Ƙasashen yankin sun zaɓi masu ban tsoro ko ƙasaita: Kamaru zaki, Mali da Najeriya gaggafa, Burkina ingarman doki. Benin ma ta yar da kurege a 2022 ta ɗauki rabbi. Nijar kuwa ta tsaya kan dabbar da ba ta cin kowa, sai gudu da jure ƙishirwa, kuma a ganina babu sunan da ya fi wannan dacewa da ƙasar.

Sunan ya zaga Afirka a watan Oktoban 2011, lokacin da yaran koci Harouna Doula, su Moussa Maazou, suka samu gurbin gasar cin kofin Afirka ta 2012 karo na farko, a rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu. Dukansu biyu sun sha kashi a filin wasa na Janar Seyni Kountché da ke Yamai. Mena ta sake zuwa gasar a 2013.

Abin da ke damuna shi ne halin da mai sunan take ciki. A da garkunanta suna yawo a faɗin Sahel, tun daga bakin tekun Atlantika har Sudan. Farauta da mota da bindiga, da farin shekarun 1970 da 1980, da cunkoson dabbobin kiwo a makiyaya, sun kusa ƙarar da ita. Waɗanda suka rage a daji ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, akasarinsu a Cadi da Nijar. A ƙasarmu sai an je duwatsun Ayar ko Tarmit, inda aka kafa gandun kariya a 2012, kafin a yi dacen ganin ɗaya.