Tafinta a Ƙofar Kwamfuta: Yadda Manhaja Kan Nemi Izinin Shiga

1.0 Gabatarwa

A garuruwan ƙasar Makarfi, irin su Nasarawan Doya, ya zama ruwan dare a ga manomin rake ko ɗan kasuwa ya ɗora yatsa a kan wayarsa, manhajar banki ta buɗe. Akasarin mutane sun ɗauka bankin ne ya duba zanen yatsan, alhali kuwa manhajar bankin aike kawai ta yi ga uwar manhajar wayar, ita kuma ta amsa da i ko a'a. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda ake yin irin wannan aike, a kuma nuna cewa aiki ne na fassara tsakanin harsuna biyu, wanda haruffan Hausa masu ƙugiya kan salwanta a cikinsa idan ba a yi hattara ba.

2.0 Uwar Manhaja da Kalmar Sirri

Uwar manhaja, kamar Windows ko Linux ko Android, ita ke riƙe da ragamar na'ura, sauran manhajoji kuwa baƙi ne a gidanta. Ita ke ajiye sunayen masu izinin shiga. Kalmar sirri kuwa ba a ajiye ta yadda aka rubuta ta. Akan dagula ta ta hanyar lissafin da ba ya komawa baya, a adana sakamakon. Robert Morris da Ken Thompson sun bayyana wannan dabara game da Unix a 1979. Saboda haka manhajar da ke son tantance mutum sai ta miƙa wa uwar gida sunansa da kalmarsa, ta jira hukunci.

Kowace uwar manhaja da ƙofar da ta tanada. A Windows akwai hidimar da ake kira LogonUser, wadda kan karɓi suna da yanki da kalmar sirri da nau'in shigar da ake so. In sun dace, sai ta ba da wata shaida da za a yi aiki da ita a madadin mutumin. A Linux akwai PAM, tsarin da kamfanin Sun Microsystems ya gabatar a 1995. A Android kuwa, tun 2018 akwai BiometricPrompt, wadda ke duba yatsa ba tare da manhajar banki ta ga zanensa ba.

3.0 Aikin Tafinta

Ƙofofin Windows da Linux an tsara su ne bisa ƙa'idar harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970. Amma masu shirya manhaja da yawa da Java ko Python suke rubutu, kuma kowane harshe da yadda yake jera lambobi da haruffa a ƙwaƙwalwar na'ura. Ke nan dole a sami tafinta. Java ta samar da JNI a 1997, Python kuma ta shigar da ctypes cikin kayan aikinta a 2006. Aikin tafintan iri uku ne: ya nemo hidimar da sunanta, ya juya saƙon zuwa sigar da C ke ganewa, sa'an nan ya komo da amsa. Bayan haka, wajibi ne mai shirya manhajar ya goge kalmar sirrin daga ƙwaƙwalwa, ya kuma rufe shaidar da aka ba shi, don kada wani ya tsince su.

4.0 Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya

A nan ne abin ya shafi ɗalibin Hausa. Jerin haruffa na ASCII, wanda ya fito a 1963, gurbi 128 gare shi, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ a ciki. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya ba kowannensu lambarsa. To, hidimar shiga ta Windows iri biyu ce: LogonUserA, mai bin tsohon jerin haruffa, da LogonUserW, mai bin Unicode. Kwamfutar da aka saita da Turanci takan bi jerin Yammacin Turai mai lamba 1252, wanda shi ma ba shi da ƙugiya.

Alal misali, a ɗauka wata ma'aikaciyar asibiti ta sa kalmar ƙafa a cikin kalmar sirrinta. Idan mai shirya manhajar asibitin ya bi ta tsohuwar hidimar, harafin ƙ zai isa ga uwar manhaja a matsayin alamar tambaya ko wani harafi dabam. Kowane Bahaushe ya san ƙafa dabam, kafa dabam, kamar yadda ɗaki ya bambanta da daki. Lissafin dagulawa ma haka yake bambanta su. Sai a hana ta shiga alhali ba ta yi kuskure ba, in kuwa an ƙayyade yawan gwaji, a kulle ta, marasa lafiya na jira. A Linux ma, inda ƙ kan ci gurbi biyu a tsarin UTF-8, saɓanin tsari tsakanin manhaja da uwar gida kan jawo hakan.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa amincin wannan aike ya dogara ne ga amincin tafinta. Shawarar da akan ba mutane ta su guji ƙugiya a kalmar sirri maganin wucin gadi ce. Gyara na ainihi shi ne a bi hidimar Unicode tun daga farko, a kuma jarraba kowace manhaja da kalmomi irin su ɓarawo da ɗalibi da ƙofa kafin a miƙa ta ga jama'a. Tattara irin waɗannan kalmomin gwaji aiki ne da sassan nazarin Hausa suka fi kowa cancantar yi.