Majalisar Likitoci Ta Muzakara A Kan Marasa Lafiya

 Ya ku malamai da attajirai masu karanta wannan shafi, yau ina so in kawo muku labarin wata al'ada ta likitocin Ingila. Ta yi kama da muzakarar da malamai kan yi a zaure, illa dai su abin da suke bita a kansa shi ne sha'anin da ke tsakanin likita da majinyacinsa.

Wanda ya kafa ta sunansa Maikel Balint, an haife shi a Budafes, babban birnin ƙasar Hangari, a shekarar 1896. Ubansa likitan unguwa ne. Shi kuma ya karanci likitanci, sa'an nan ya shiga fannin binciken zuciya na Firoid, a hannun malaminsa Ferenzi. Da yake asalinsa Bayahude ne, kuma fitinar Hitila ta kunno kai, sai ya yi ƙaura zuwa Ingila a 1939.

A 1948 gwamnatin Ingila ta mayar da magani kyauta ga kowa, jama'a suka yi ta kwararowa wurin likitocin unguwa. Da yawa daga cikinsu an auna su ba a ga ciwo ba, amma ba su daina dawowa ba. To, a 1950 sai Balint da wata mace mai suna Inid, wadda daga baya ya aura, suka fara tara likitoci a asibitin Tabistok na birnin Landan don su tattauna wannan al'amari.

Ga yadda zaman yake. Likitoci kamar takwas ko goma sukan zauna da'ira tare da jagora ɗaya ko biyu, tsawon sa'a ɗaya da rabi, mako-mako. Ɗayansu ya kawo labarin majinyacin da ya tsaya masa a rai, da ka, ba tare da duba takarda ba. An hana takarda ne da gangan, domin abin da mutum ya manta da inda harshensa ya sarƙe sukan nuna abin da ke damunsa. A yawancin majalisun yanzu, in ya gama sai ya ja kujerarsa baya ya yi shiru, 'yan'uwansa su yi ta juya maganar yana saurare. Ba a ce masa ga maganin da ya kamata ka bayar. Abin da ake nema shi ne a gane me majinyacin nan ya zo nema, kuma me ya taso a zuciyar likita sa'ad da ya gan shi.

Misali, a ce mace ce take zuwa kowane mako da ciwon kai, likita ya gaji da ita, da ya hango ta sai ya rubuta ƙwaya don ta tafi. A majalisa wani ya tambaya, shin wa take da shi a gida? Sai likita ya ga bai taɓa tambayarta ba.

A 1957 Balint ya wallafa littafi a kan likita da majinyacinsa da cutar. A ciki ya bayyana cewa maganin da aka fi sha a ɗakin likita shi ne likitan kansa, watau fuskarsa da saurarensa da kalmarsa, amma ba wanda ya rubuta awon wannan magani ko illarsa. Ya kuma yi magana a kan majinyacin da ake ta miƙawa daga wannan gwani zuwa wancan, kowa ya duba gaɓarsa ya wuce, har a rasa wanda zai ce nawa ne. Attajirai sun san irin wannan, kayan da dillalai biyar suka taɓa, in ya lalace ba mai amsa laifi.

A ganina wuri ɗaya ne ke bukatar tsantseni, shi ne amana. Sirrin mara lafiya amana ne a wuyan likita, kuma tsakanin neman shawara da giba tazarar kaɗan ce. Su ma sun lura da haka, shi ya sa ake sakaya sunan majinyaci, kuma abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita. Jagora kuma yakan tsare majalisa kada ta koma tonon asirin likitan kansa. Koyarwar Firoid dai tana da abubuwa da dama da malaminmu ba zai karɓa ba, amma mutum ya zauna gaban tsararsa ya ce wannan bawan Allah ya gundure ni, ku taya ni duba dalili, wannan hisabin kai ne, kuma ba kowane mai ilmi ke iya shi ba.

Balint ya rasu a Landan a 1970, shekara ɗaya bayan likitoci sun kafa ƙungiya da sunansa. Inid ta ci gaba da aikin, ta rasu a 1994. Al'adar ta yaɗu zuwa Jamus da Faransa da Amurka, kuma a Ingila an sa halartar irin wannan majalisa cikin sharuɗɗan horon likitocin masu taɓin hankali tun daga shekarunsu na farko.