Tukunyar Sadaka a Birnin Jidda

Duk alhajin da ya taɓa ratsa unguwannin kudancin Jidda a da, kamar Karantina da Sabil, ya san a lokacin akan ji Hausa ba tare da an nema ba. Tun a 1814 matafiyin nan Burckhardt, mutumin Suwizalan, ya tarar da bukkokin alhazan ƙasashen baƙar fata a bayan ganuwar birnin. Yawansu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, sa'ad da jama'a suka yi ta ƙaura gabas don guje wa mulkin Nasara. Sun tafi da harshensu, sun kuma tafi da tukunyarsu. Tsire ma ya shiga bakin mutanen Hijaz, suna ce masa siriyya.

Mu ɗauki miyar taushe, watau ta kabewa da gyaɗa da yakuwa. A Jidda ta iske 'yan'uwanta: idam na Larabawa, da kori na Indiyawa, wanda ake samun kayan haɗinsa, irin su kurkum da citta da kanumfari da masoro, a tsohuwar kasuwar Alawi. Sirrinsu duka ɗaya ne: wuta kaɗan, lokaci mai tsawo. A hankali kabewa ke narkewa ta ba miya kauri, gyaɗa ta saki manta, yaji ya ratsa ko'ina. Ganye kuwa sai an kusa saukewa. Tukunyar lantarki mai suna Crock-Pot, wadda ta fito a Amurka a 1971, aikin da garwashi ya daɗe yana yi take kwaikwayo, tana sulala abinci awa shida zuwa takwas. Sai dai a kula: jan wake yana da wata guba da ba ta mutuwa sai an tafasa shi sosai na minti 10 tukuna.

Ana cewa irin wannan miya maganin sanyi ce. To, Jidda ba ta san hunturun Kano ba, gama ko a Janairu zafin dare yakan tsaya wajen digiri 20. Inda ɗuminta ya fi amfani shi ne gidan makoki, kuma a nan ne batun ya yi nauyi.

Al'ummomi da yawa suna dafa abinci domin magabata. A Sin akan ajiye shi gaban allunan sunayen kakanni, mabiya addinin Hindu kuma suna da mako biyu a shekara na wannan hidima. A wurin Musulmi mamaci ba ya ci. Rayayye ne ke ci, musamman mabukaci, a roƙi Allah ya kai ladan kabari. An ruwaito cewa Sa'adu ɗan Ubada ya ba da lambunsa sadaka domin mahaifiyarsa, da yardar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Saɓanin yana wajen rana da kuma wanda zai ɗora tukunyar. Bahaushe ya saba da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a raba gumba da waina. Amma Sheikh Abdul'aziz bin Baz, babban muftin Saudiyya daga 1993 har rasuwarsa a 1999, ya ce yanke wa sadakar rana ba shi da asali, haka nan tara jama'a iyalin mamaci su ciyar da su. Malaman da ke kan wannan ra'ayi sukan kafa hujja da cewa bayan shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a Mu'uta a 629, umarnin da aka bayar shi ne a dafa wa iyalinsa, ba su su dafa ba. Wasu malamai a ƙasar Hausa suna ganin al'adar ba laifi muddin ba a mai da ita wajibi ba.

A ganina, duk wanda ya taɓa ganin mace mai takaba ta ci bashi don ta ciyar da masu ta'aziyya ba zai raina hujjar farko ba. Bahaushen Jidda da ya bi ta bai rasa abin yi wa iyayensa ba: a kowace rana ya ga dama, ko da azumi, sai a ɗora taushe tun hantsi, kafin magariba a kai wa leburori da matafiya a ƙofar masallaci.