Yadda Ake Auna Rabon Ɗalibi Wajen Shiga Jami'ar Harvard

Ɗalibin da ya tashi a kan tsarin Nijeriya ya saba ɗaukar shiga jami'a a matsayin sha'anin maki. Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978 ana zana jarrabawa, a yanke iyakar maki, kowa ya duba ya ga inda ya tsaya, ko da yake akan ware gurabe ga jihohin da ke kewaye da jami'a da kuma waɗanda aka bari a baya wajen ilmi. Wannan ma'auni ba shi da amfani sosai a manyan jami'o'in Amurka. Harvard, wadda aka kafa a 1636, ita ce misalin da ya fi fitowa fili, domin shari'a ta tilasta mata ta buɗe littattafanta kowa ya gani.

A 2022 mutum 61,220 suka nemi shiga, aka ɗauki 1,954, watau kashi 3 da 'yar ɗoriya cikin ɗari. Kuskuren farko da akan yi shi ne ɗalibi ya ɗauki wannan adadi a kan rabonsa. Adadin jimla ne kawai, ya haɗa wanda kusan an riga an ajiye masa kujera da wanda ya jefa takarda don gwada sa'a.

Shari'ar da wata ƙungiya ta kai jami'ar, bisa zargin tana danne 'yan asalin Asiya, an saurare ta a Boston a 2018, kuma a can ne aka ga yadda rabon yake. Cikin masu nema kimanin 35,000 na shekara guda, fiye da 8,000 sun gama sakandare da cikakken sakamako, 3,400 kuma sun cinye makin lissafi duka a jarrabawar SAT, alhali kuwa kujerun aji ba su wuce 1,600 da kaɗan ba. Da a ce maki kaɗai ake bi, da an cika ajin sau biyar ba a taɓa wanda sakamakonsa na sakandare bai cika ba. Sabili da haka maki mai kyau yana sa a karanta takardar ɗalibi da natsuwa, iyakar aikinsa ke nan.

Masu karanta takardu sukan ba kowane mai nema lamba daga 1 zuwa 6 a fannoni huɗu: karatu, da ayyukan da yake yi bayan aji, da wasanni, da halin mutum. Na ƙarshen nan shi ne mai wuyar kamawa. Ana tsamo shi daga rubutun da ɗalibi ya yi game da kansa, da wasiƙun malamansa, da rahoton tsohon ɗalibin da ya gana da shi. Asalinsa ma ba abin alfahari ba ne: a shekarun 1920, zamanin shugabancin Lawrence Lowell, aka ƙarfafa duba hali domin a rage yawan Yahudawa, waɗanda suka zarce kashi 20 cikin ɗari na sababbin ɗalibai a 1922. Ba abin mamaki ba ne da ya zama wannan fanni ne aka fi jayayya a kansa a kotu.

Har wa yau akwai waɗanda ƙofa ta fi buɗe musu. Alƙaluman shari'ar sun nuna 'ya'yan tsofaffin ɗalibai ana ɗaukar wajen ɗaya cikin uku daga cikinsu, 'yan wasan da masu horarwa suka zaɓo kuwa fiye da kashi 80 cikin ɗari. Ran 29 ga Yuni 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, amma hukuncin bai taɓa gatan 'ya'yan tsofaffin ɗalibai ba. Duk wanda ba ya cikin waɗannan rukunoni, lalle rabonsa na gaskiya yana ƙasa da adadin da ake bugawa.

Ɗalibi daga ƙasar waje yana takara ne a kan gurabe da ba su kai ɗaya cikin biyar na aji ba, da gwanayen duniya baki ɗaya. Abin da ke taimakonsa shi ne Harvard ba ta duba talaucin mai nema wajen yanke shawara, baƙo ne ko ɗan ƙasa, kuma tana biyan abin da iyaye suka kasa. Jami'o'in Amurka da ke yi wa baƙi haka ba su da yawa.

Saura wani lissafi da iyaye ke so ƙwarai. Sukan ce idan rabon yaro kashi 5 ne a kowace jami'a, to ya nemi guda takwas ya zama yana da kashi 40. Ko a ƙuri'a ma ba a tara rabo haka, balle nan da ba ƙuri'a ba ce. Takarda ɗaya ce take zagayawa, masu karanta ta kuma kusan abu ɗaya suke nema, saboda haka raunin da ya kayar da ita a Harvard shi zai kayar da ita a Yale da Princeton. Haka nan neman farko na watan Nuwamba: gaskiya ne an fi ɗaukar kaso mai yawa a cikinsa bisa na Janairu, amma fa a nan ne 'yan wasa da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai suka fi taruwa, su ne kuma suke ɗaga adadin.