Son maso wani a waƙoƙin Sifaniyanci: abubuwan da ya kamata ka sani

Bahaushe ya ce son maso wani ƙoshin wahala. A ƙasashen da ake jin Sifaniyanci, wannan wahalar ce jarin mawaƙan gargajiya. Wanda aka juya wa baya shi ke rungume da jita, wanda ya dace kuwa ba kasafai ake jin muryarsa ba.

Mata ne suka fara

Tsofaffin baitukan bege da aka samu a can su ne jarcha na Andalus, tun ƙarni na 11. Gajeru ne, da su ake rufe waƙoƙin muwasshaha na Larabci da Ibrananci, kuma galibi budurwa ce ke kai wa mahaifiyarta kukan habibinta da ya tafi shiru. Sai a 1948 masani Samuel Stern ya warware karatunsu.

Saurayin Arequipa

A birnin Arequipa na Peru, Mariano Melgar ya nace wa yarinyar da ya laƙaba wa suna Silvia, ita kuwa ta ƙi shi. Ya zuba takaicinsa a yaraví, salon kuka mai tushe a waƙoƙin ƙabilar Kecuwa. Daga baya ya shiga tawaye, sojojin Sifaniya suka harbe shi a 1815 yana da shekara 24.

Inda gwarzo ke zubar da hawaye

A Meziko, waƙar ranchera ce ta ba namiji izinin kuka a bainar jama'a. Ka hango mutum da faffaɗar malfa a mashaya, ƙahonin makaɗan mariachi na tashi, can sai ya ƙwalla wata ƙara da suke kira grito, rabinta dariya rabinta kuka. Gwanin fagen, José Alfredo Jiménez, bai iya kaɗa komai ba. Da fito yake nuna wa makaɗa karin waƙa. Ciwon hanta ya kashe shi a 1973, yana da shekara 47.

A nan nake da ja. Sau da yawa mace ce ake kira ingrata, wato mai butulci, alhali laifinta kawai ta ce a'a. Violeta Parra ta Chile ta juya zancen a 1966: da masoyinta Gilbert Favre ya tafi Bolibiya, ita ta yi masa waƙa.

An daɗe ana raina bachata

Waƙar bachata ta Jamhuriyar Dominika da sunan amargue aka san ta, ma'ana ɗaci. José Manuel Calderón ya fara ɗaukar ta a faifai a 1962, amma masu hannu da shuni suka ce kiɗan mashaya ne, yawancin gidajen rediyo suka ƙi sa ta. A 2019 UNESCO ta saka ta cikin al'adun duniya, sannan bolero na Kyuba da Meziko ya biyo baya a 2023.