Ƙwayoyin asali da sankarar mama: abin da bincike ya gano da abin da ya shafi matan Dangoma

Sankarar mama, wadda mutane suka fi kira dajin nono, ita ce sankarar da ta fi kama mata a Nijeriya, domin ƙiyasin cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai an samu sababbin masu cutar fiye da 32,000, kuma fiye da 16,000 suka rasu. A garuruwa irin Dangoma, da ke ƙaramar hukumar Kalgo a masarautar Gwandu ta jihar Kebbi, abin da ya fi karya zuciyar dangi shi ne yadda cutar ke dawowa bayan an yi tiyata, an sha wahalar allurar kemo, an sayar da dabbobi an biya kuɗi, har ana ganin an rabu da ita. Wani ɓangare na dalilin wannan dawowa yana tattare da abin da masana ke kira ƙwayoyin asali.

Jikin ɗan Adam ginanne ne da ƙwayoyin halitta, kuma galibinsu suna da aiki ɗaya da suke yi har su mutu, amma akwai 'yan tsiraru da ke iya sabunta kansu tare da haifar da wasu nau'o'in ƙwayoyi, waɗanda su ne ƙwayoyin asali. Da su ne nono ke girma lokacin balaga, ya sake tsara kansa a kowane ciki da shayarwa, har ma masu bincike a Ostireliya da Kanada sun nuna a 2006 cewa ƙwaya guda tana iya gina cikakkiyar hantsar ɓera. Tun kafin haka, a 2003, Muhammad Al-Hajj da Max Wicha da Michael Clarke na Jami'ar Mishigan a Amurka sun rarrabe ƙwayoyin ƙarin da aka ciro daga jikin mata marasa lafiya, suka dasa su a jikin ɓeraye, sai suka tarar cewa ƙwayoyi 100 kacal na wani rukuni sun isa su tayar da sabon ƙari, alhali dubun dubatar sauran sun kasa. Ma'anar wannan ita ce ƙari ba tarin ƙwayoyi ba ne masu ƙarfi ɗaya, akwai waɗanda suke riƙe da ragamarsa.

Waɗannan ƙwayoyin asali na sankara suna da halayen da ke sa su tsira daga magani: wasunsu kan kwanta shiru ba sa rarrabuwa, alhali kemo ya fi kashe ƙwayar da ke rarrabuwa da sauri, suna iya fitar da maganin daga cikinsu, kuma sun fi gwanancewa wajen gyara ɓarnar da gashi, wato ƙona ƙari da na'ura, ke yi musu. Manomin fadama ya san irin wannan a ciyawar ƙiri-ƙiri, wadda ake nome ganyenta gona ta yi fes, amma muddin saiwa na ƙasa sai ta sake tohowa da ruwan farko. Sai dai lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ƙwayar sankara ta yau da kullum tana iya rikiɗa ta koma ta asali, kuma har yanzu babu wani magani da aka amince da shi wanda aka keɓe don kashe su a sankarar mama.

Batun ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Nijeriya da ke Jami'ar Shikago, da abokan aikinta sun wallafa a 2009 cewa kaso mai yawa na ƙarin da aka gwada daga matan Nijeriya da Senegal na nau'in da ba ya jin magungunan da ke toshe sinadaran jikin mace ne, nau'in da ke saurin yaɗuwa kuma yake kama mata da sauran ƙuruciyarsu. Wani bincike a kan matan Kumasi ta Gana kuma ya samu yawaitar wata alamar ƙwayoyin asali mai suna ALDH1 a cikin ƙarinsu.

Akwai kuma tarihin da ya wajaba a sani kafin a ruɗu da sunan. A shekarun 1990 an yi wa mata fiye da 30,000 a Amurka wani magani mai tsanani, inda ake ɗibar ƙwayoyin asali na ɓargonsu a ajiye, a ba su kemo mai yawan da zai hallaka ɓargon, sannan a mayar musu da ƙwayoyin. Manyan gwaje-gwaje sun nuna daga baya cewa hanyar ba ta ƙara tsawon rai ba, wasu ma ita ce ta yi ajalinsu, kuma a 2000 aka gano cewa sakamakon da Werner Bezwoda na Jami'ar Witwatersrand a Afirka ta Kudu ya gabatar don goyon bayanta na jabu ne. Dashen ɓargo magani ne na gaske ga sankarar jini da sikila, kamar wanda aka fara yi a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, amma ba maganin sankarar mama ba ne. Saboda haka garin magani da ake tallatawa a WhatsApp da sunan "sitem sel", wato ƙwayoyin asali da Turanci, ana cewa yana narkar da daji, yaudara ce mai cin dukiyar mara lafiya, da abin da ya fi dukiya tsada, wato watannin da ƙarin ke ƙara bazuwa a cikinsu.

Abin da wannan ilimi ke nufi ga macen Dangoma a fili yake. Ƙullutun da aka cire tun yana ƙarami ana cire shi ne tare da ƙwayoyin da ke riƙe da shi, kafin su sulale zuwa hammata, ƙashi, hanta ko huhu, don haka maganar da ake yawan yi cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe ta jawo asarar rayuka masu yawa, haka ma barin kemo a tsakiya saboda an ga ƙarin ya motse. Asibitin Kalgo da Asibitin Tunawa da Sa Yahaya a Birnin Kebbi ba su da nisa da garin, kuma ana yin gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, duk da cewa kuɗin mota da na masauki da na magani nauyi ne da bai kamata hukuma ta bar wa iyalai su kaɗai ba. Jihar Kebbi tana da murya a wannan fage, tunda a 2024 aka zaɓi Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, uwargidan tsohon gwamnan jihar, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, a matsayin shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, kuma abin da ya dace a nema da wannan murya shi ne ɗakin gwajin tsoka mai iya tantance nau'in ƙarin kowace mara lafiya a cikin jihar, tare da shigar da matan karkarar Gwandu cikin binciken da ake yi kan waɗannan ƙwayoyi.